Shekarar Da Abokina Ya Zama Surukina

Talabijin ne ya jawo wannan babi, don haka in kun ga ya yi tsawo, shi za ku tuhuma. Kun san yadda falon gidanmu ke komawa bayan sallar Magariba, in aka fara shirin nan mai dogon zango na abokan jami'a da aka juya da Hausa. Ko gobara ce ta tashi a kicin, sai an tafi talla sannan wani zai ɗauko ruwa. Ni da na sayi akwatin, na sa sola, na biya ɗinkin labule, in na kuskura na yi tari sai a juyo a harare ni kamar na shigo aron gishiri. Ana wannan shiri aka yaye autarku, ga ta yanzu tana zuwa Islamiyya da ƙafarta, su kau mutanen cikin akwatin har yau ba su gama jami'ar ba. Samari uku da 'yammata biyu, kullum cikin ruwan sama, kullum wani na kuka a tashar jirgi, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya buɗe littafi ba. Da a makarantata suke, da tuni na tura a kira iyayensu.

Wata Asabar Baffan Kurfi ya zo mana da rana, wato ƙanen mahaifin Mamarku, wanda kuka tashi kuka gani a matsayin kakanku. Na yi abin da kuka saba gani. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa, da aka kawo abinci na tuna ina da aikin gaggawa a makarantar da ke kulle, na sulale. Bayan ya tafi aka kunna shirin, aka nuno abokan nan sun sa hannu a faranti ɗaya suna kuka suna dariya. Nana, ke ce kika juyo.

"Baba, kai ba ka yi abokai a kwaleji ba ne? Irin waɗannan, na har abada?"

Kafin in buɗe baki 'yar'uwarki Ummi ta karɓe.

"Waɗanne abokai? Baba da ko da Baffan Kurfi ba su shiri. Da ya shigo sai Baba ya koma kamar an zare mashi batir."

Mamarku ta yi dariya har ta ƙware da ruwa. Ni kau da aka sani da ba da amsa tun kafin a gama tambaya, ranar sai na ce a ƙara murya ba na ji. Amma maganar ta zauna mani a ƙirji, domin ban so ku girma kuna zaton akwai wata tsama tsakanina da shi. Don haka ku karanta da kyau. Mutumin nan da kuke ganin ina gudu, duk duniya ba ni da aboki kamarsa. Sunansa Sada. Kun ga na rubuta kuma hannuna bai karye ba, amma sai da na waiga kafin in ɗora alƙalami, domin rabon da in kama wannan suna a gaban mutane tun kafin a haifi babbarku.

A kwalejin horar da malamai ta nan Dutsin-Ma muka haɗu, ɗaki ɗaya aka ba mu. Ni na zo daga Shema da akwatin kwano da buhun gari da bakin da ba ya rufuwa. Shi ya zo daga Kurfi, dogo siriri kamar karan dawa, da fuskar da in ka gani sai ka ɗauka ta'aziyya ya zo yi. Da wannan fuskar yake kashe mutane da dariya, shi ko murmushi ba ya yi. Risho ɗaya gare mu, tukunya ɗaya, tire ɗaya, sai abokinmu Iro ɗan Kuki da ke yawo da cokalinsa a aljihu don kada rabo ya same shi ba shiri. Ba a daɗe ba Sada ya gano lagona. Da an juye garau-garau an zuba mai da yaji, sai ya ce:

"Bishir, yaya ma aka yi da jakin nan na kawunka da ya shiga ajin yaƙi da jahilci?"

Ni kuma sai in gyara zama. Kafin jaki ya fito daga aji, tire ya koma kamar sabo daga kasuwa. Duk zamanmu a kwalejin nan ina ciyar da mutumin nan da labari, shi yana cin rabona. Ɗan naman da kuke gani a wuyansa yau, shinkafata ce.

A lokacin talabijin ɗaya ne a duk kwalejin, a ɗakin taruwar ɗalibai, an kulle shi cikin kejin ƙarfe kamar kura. Duk Asabar bayan La'asar ana nuna wani wasan kwaikwayo na wata ƙasa mai nisa, shi ma na abokan makaranta ne da soyayyarsu, kakan wannan da kuke kallo. Ba a fara juya su da Hausa ba tukuna, yaren ba mai ji, ɗan Turancin da ke gudu a ƙasa kuma kafin ka karanta rabi ya wuce. Sai ni da Sada muka ɗauki aikin ba wanda ya sa mu. In tsaya a dama, shi a hagu, a rage muryar akwati, mu mu cika. Ni ne jarumi, in na matse murya kuma ni ne jaruma. Sada shi ne uban yarinya, kullum, domin fuskarsa ta dace. Jarumi zai durƙusa cikin ruwan sama yana miƙa fure, sai in ce:

"Ya ke hasken idona, tun da na gan ki ɗanwake ya fita raina!"

Sai a nuno tsoho mai gashin baki a saman bene, Sada ya yi gyaran murya:

"Kai yaro, tashi daga kan albasata. Wa ya aiko ka?"

Ɗaki ya kaure. Malamai na laɓewa a taga suna riƙe ciki. An ce akwai masuncin da ya taso daga madatsar ruwa ta Zobe a keke don ya ji mu, ya manta kifinsa a rana har ƙudan Dutsin-Ma kaf suka yi walima.

A bencin baya 'yammata ke zama, kuma a cikinsu akwai wata 'yar aji ɗaya da ba ta dariya sai ta ga dama. Saratu, Mamarku ke nan. Ɗiyar babban yayan Sada ce. Shi auta ne wurin tsoho, ita ɗiyar fari wurin ɗan fari, don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, tsakar gida ɗaya suka yi wasan ƙasa. Tana ce mashi Baffa, amma irin Baffan da ake aika ya sayo kalanzir. Wata Asabar bayan an tashi ta tare ni a bakin ƙofa, littattafanta a ƙirji.

"Malam mai fassara, yau ka yi ƙarya."

"Kullum ma ƙarya nake. Yau kika lura?"

"Ta yau ta fi. Ka ce yarinyar ta ce tana son shi. Ba ka kalli idonta ba? Abokin take so, wanda ke riƙe mashi jaka."

Asabar mai zuwa sai ga yarinya da mai riƙe jaka a ƙarƙashin laima ɗaya. Tun daga ranar na koma fassara ina satar kallon bencin baya. In ta girgiza kai in sauya zance, in ta sunkuyar da kai tana ɓoye dariya in ji kamar an ba ni sakamakon jarrabawa. A haka muka zama mu huɗu, ni da Sada da Iro da ita. In ta dawo daga Kurfi da fura da ƙuli-ƙuli, wai na Baffanta ne, sai na lura ƙullin da ya fi girma a gabana yake sauka.

Da abin ya yi ƙarfi na yanke shawarar gaya wa Sada, kuma a nan talabijin ya yaudare ni, domin na ga yadda ake yi. Jarumi ya ce wa abokinsa yana son 'yar gidansu, aboki ya yi shiru, kiɗa ya tashi, a rungume juna, sai rawa a kan dutse. Na ja shi Zobe a kekunan aro, muka sayi karfasa wurin masunta muka gasa a bakin ruwa, na jira ya cika baki sannan na faɗa. Kiɗa bai tashi ba. Ya tauna, ya zare ƙaya, ya kalli ruwa.

"Ka san ɗiyata ce ko?"

"Ɗiyarka? Kai da ko wandon kirki ba ka da shi sai nawa?"

"Ina dai gaya maka."

"To Baba, a yi mani afuwa, a miƙo mani kan kifin nan."

Muka yi dariya, har da shi a ranar. Kuma da gaskiyarmu, domin mahaifinta na raye, mutum mai cika ido, shi zai zauna a kujerar surukuta. Sada ƙaramin baffa ne, irin wanda gaisuwar Salla ta ishe shi, in an fito waje a ci gaba da ba'a.

Sai shekararmu ta ƙarshe ta zo. Da damina, gero ya fara fitar da kai, mahaifin Mamarku ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Sauran 'yan'uwansa maza sun riga shi, ba wanda ya rage sai auta. Na je Kurfi zaman makoki na tarar an shimfiɗa wa Sada buzu a zaure, daidai inda yayansa ke zama, tsofaffi masu furfura na durƙusa mashi suna ba shi haƙuri. Da ya dawo kwaleji rigarsa ce dai, hularsa ce dai, amma tafiyar ta sauya. Asabar ta farko muka tsaya gaban kejin kamar kullum. Aka nuno tsohon nan mai gashin baki zaune shi kaɗai a bakin gado, yana kallon ɗiyarsa tana haɗa kaya. Ɗaki ya yi tsit ana jiran Sada. Tsohon ya yi ta motsa baki, Sada bai ce uffan ba. Can ya taɓa kafaɗata ya ce in ƙarasa, ya fita. Na gwada, muryar ba ta zauna mani ba. Daga ranar fassara ta mutu a kwalejin, aka koma kallon hoto kamar kurame.

Bayan mun gama jarrabawa manyana suka je Kurfi neman aure. Ba a ce i ba, ba a ce a'a ba, aka ce Gwaggo Indo na son ganin yaron. Gwaggo Indo yayar Sada ce, ba ku riske ta ba, kuma kun yi sa'a. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce da za ka iya sawa a aljihu, amma in ta yi gyaran murya zakara na fasa cara. Ta sa aka kira mu mu biyu, muka zauna a tabarma ɗaya kafaɗa da kafaɗa kamar yadda muka saba. Ta dube mu daga sama har ƙasa.

"To, ga abin da nike gudu nan. Kai, matsa can."

Na matsa.

"Na ji labarinku. Tire ɗaya, wando ɗaya, baki ɗaya. Ban ce laifi ba ne. Amma yarinyar nan ba ta da uba yanzu sai wannan. In an ɗaura, takalminka a ƙofa, gwiwarka a ƙasa. Ba ka cin abinci gabanshi, ba ka kama sunanshi, ba ka yi mashi wasa, ko a gida ko a kasuwa."

Na ce bari in gwada sana'ata.

"Gwaggo, ai zamani ya sauya. Mu da muka yi boko…"

"Bokon ya hana miji ɓata wa mata rai? Ran da ka sa ta kuka, gun wa za ta kai ƙara? Gun wanda za ka ba dariya ya manta da mi ta zo? In ba ta da uban da kake jin kunya, ba ta da kowa. Ka je ka yi tunani. Ko aboki, ko mata. Gidan nan ba mu ba da biyu."

Mamarku ta ji komi ta bayan zana. Da zan tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce ba ta shigo tsakaninmu don ta raba mu ba, in na fasa ba za ta riƙe ni ba. Ta faɗa idonta a bushe, amma gefen mayafin da take murzawa ya kusa zama igiya. Sada ya raka ni tasha. A hanya na kawo dabarar da na ga ta fi kowace, na ce a nemo wani dangi na nesa ya yi walicci, shi ya koma gefe. Ya tsaya cak.

"Yayana a hannuna ya bar ta. In na miƙa ta ga wani don kada in rasa abokin hira, da wane ido zan gamu da shi?"

"To mi ka gani?"

"Ni ko ta ina ban faɗi ba. In ka fasa, ina da aboki. In ka aura, na san hannun da na sa ɗiyata, in yi barci har da minshari. Kai ne mai asara ko ta ina, don haka kai za ka zaɓa."

Ƙarya yake, shi ma ya yi asara, fuskar nan ce dai ba ta nunawa. Na koma Shema na kasa cin tuwo, har tsohuwata ta aika a kira mai magani, domin tun da ta haife ni ba ta taɓa ganin haka ba. Abin da ya yanke mani hukunci ba wani babban abu ba ne. Na gwada tunanin Saratu a gidan wani ƙato da ba ya gane ba'a, tana girgiza kai ba mai lura, Sada kuma yana zuwa duba ta yana dawowa shiru. Na ga in haka ta faru abotar ma ba za ta yi daɗi ba. Na ce wa manya su koma.

Ana gobe ɗaurin aure Iro ya kira mu ɗakinsa da hantsi, ya dafa garau-garau, ya ajiye tire, ya ce yana da uzuri. Iro da uzuri a gaban abinci, ku san magana ta yi girma. Muka zauna mu biyu. Na jira a tambaye ni labarin jaki, ba a tambaya ba. Muka ci shiru, ba ka jin komi sai ƙarar cokali. Da aka zo ƙarshe ya tura mani sauran da bayan cokalinsa, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Na ce na ƙoshi. Ya ce in ci, daga gobe ko yunwa za ta kashe ni a gabansa ba ruwansa. Na cinye.

Washegari a ƙofar gidansu na ji muryar uban yarinya ta dawo, amma ba wanda ya yi dariya. Ya ce ya ba da, aka shafa fatiha. Da aka kai ni gaisuwar surukai na tuɓe takalmi, na durƙusa, na kafa ido a ƙasa kamar yadda Gwaggo ta ce. Sai idona ya sauka a kan ƙafarsa. Takalmina ne. Sabon takalmin fata da ya ara zai je koyarwar gwaji, bai maido ba. Ga kayana a gabana, ga shaidu cike da zaure, ba halin magana.

"Malam Bishir, ga amana nan. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baffa. Na gode."

Haka muka shiga shekarun da kuka buɗe ido kuka gani. A shirinku in abokai suka rabu, ana nuna jirgi ya tashi, a sa kiɗa mai sa kuka. Mu ba inda muka je. Ina ganinsa duk suna, duk Salla, duk rasuwa, kusa da ni kamar tsawon tabarma, kuma shi ya fi ciwo. In wani abin dariya ya faru a makaranta, sai in ji labarin ya haɗu a bakina da irin gishirin da shi kaɗai zai gane, in haɗiye. Ran da tsohuwata ta rasu ya zo Shema da tawagar surukai. Ina son in faɗa jikinsa in yi kuka irin na yara, domin ya ci tuwonta, ya san muryarta. Ya ce yaya ƙarin haƙuri, na ce da godiya. Ya daɗe a zaune fiye da yadda suruki ke daɗewa, ya tashi ya tafi.

Gwaggo kuma ba ta yi ƙarya ba. Da Nana na goye, na yi wa miyar Mamarku ba'a a gaban baƙi, na ce in aka jefa allura a ciki za a gan ta daga Katsina. Baƙi suka yi dariya, ita ta ɗauki mayafi sai Kurfi. Na bi ta biko da labarai cike da aljihu. Na durƙusa, na ɗan saci kallonsa ko zan ga ƙofa. Ba ƙofa, ba taga.

"Malam Bishir, ɗiyata ba abin ba da nishaɗi ba ce. Bakinka naka ne, ka yi wa duniya wasa da shi. Ita ka bar mata mutuncinta."

Na ba da haƙuri da gaske, ta dawo, kuma tun daga ranar miyar Mamarku ta fi ta kowa a jihar nan, ko da ruwan zafi ne da gishiri. A hanya ta ce mani da abokina ne ya zauna a buzun nan, da ba ta dawo ba.

A haka muka yi furfura. Sai wata shekara, bayan an haifi autarku, ya zo Dutsin-Ma karɓar tabarau, motar da ta kawo shi ta lalace, ga rana ta fara karkata, kun kuma san hanyar nan ba a son yamma ta yi maka a kanta. Mamarku ta ce in kai shi a mashin. Na yi zufa har cikin takalmi. Ya hau baya yana ta addu'a, na tuƙa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka shiga tsakanin gonaki, ba kowa sai shanu. Sai na ji murya a bayan kunnena.

"Bishir, wannan tuƙi ne ko rakiyar amarya? Akuyar can ta wuce mu."

Saura kaɗan in shiga gonar dawa. Bishir tsagwaronsa, ba Malam. Na riƙe kan mashin da kyau, na kafa ido a kwalta, na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Nauyi ya yi yawa, Sada. Ina ɗauke da mutum da shinkafata a wuyansa da takalmina a ƙafarsa."

Ya fashe da dariyar da ban ji ba tun bakin Zobe, har mashin na rawa. Ashe kunyar duk a ido take. Shi yana kallon ƙeyata, ni ina kallon hanya, ba wanda ya ga fuskar wani, ba kuma wanda ya ji mu sai iska. Muka zazzage abin da ya taru. Ya ba ni labarin yadda ya yi kuka a bayan gidanmu na Shema ran rasuwar tsohuwa, ya wanke ido sannan ya shigo. Ashe ma shi ma yana kallon shirinku da jikokinsa, yana yi kamar jan carbi yake, kuma ya dage mai gilashin nan ya kamata yarinyar ta aura, na ce mai gilashi munafuki ne, muka yi ta musu har muka hango Kurfi. Daga gidan farko ya yi shiru, ni ma na yi. A ƙofar gida ya sauka, na kafe mashin, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Sannu da hanya, Baffa."

"Allah ya yi albarka, Malam Bishir. A gaida gida."

Tun daga ranar Baffanku ya kamu da cututtukan da sai a Dutsin-Ma ake maganinsu. Yau haƙori, gobe tabarau, jibi takardun fansho. Ya kuma gaya wa iyalinsa mota na sa shi amai, mutumin da ya taɓa zuwa Legas a bayan tirela yana cin rake. Maduban mashin ɗin da kuke ta cewa in gyara, ba karyewa suka yi ba, ni na kwance su na ajiye. Abinci dai har yau ban ci a gabansa ba, kuma ba zan ci ba, domin Mamarku na buƙatar ubanta kamar yadda take buƙatarsa a da.

Na ji ƙus-ƙus ɗinku ke da Ummi, Nana, wai in kun fara ɗaukar albashi za ku sayar da wannan tsohon ƙarfe ku saya mani mota, don bai dace hedimasta ya yi ta yawo a kansa ba. Allah ya yi maku albarka. Ku sayi motar, Mamarku ta riƙa zuwa biki da ita. Amma ku ji abin da ya faru a zuwanmu na baya-bayan nan. Mun baro Kurfi ke nan, ya yi shiru fiye da yadda ya saba, har na tambaya ko haƙorin ne da gaske wannan karon.

"Bishir, in na riga ka, surukuta ta ƙare. Kada ka tsaya a ƙofa kana tuɓe takalmi. Kai za ka yi mani wanka, kai za ka shiga ka karɓe ni."

Hanya ta ɗan yi mani hazo, na rage gudu, na goge ido da hannun riga. Na ce na ji, na kuma ɗauka. Amma kada ya kuskura ya yi gaggawa, domin tayar baya sabuwa ce, jiya na sa ta, kuma shi zai cinye ta.